Sittin ɗin Baba

Kai ma ka sha wuce su. Manyan motoci jere a bakin tasha, direbobi kwance a inuwar taya da rana tsaka, ka ɗaga gilashin motarka ka ce a ranka malalata ne. Ba ka taɓa tambaya ba me ya kwantar da su. Ni ma ban tambaya ba, alhali ɗaya daga cikinsu ubana ne.

Baba shekara talatin yana jan babbar mota. Da muna yara albashi yake ɗauka duk wata a kamfanin sufuri, har da kuɗin kwana a hanya. Kamfanin ya watse, aka ce kowa ya sayi tasa ya zama mai gidan kansa. Kowa kuwa ya saya: direba ya saya, ɗan kasuwa ya saya, wanda ya ajiye aikin ofis ma ya saya. Motoci suka fi kaya yawa. Sai ga dillalai sun shiga tsakani, kowane da wayarsa.

Ran nan da safe na ji Baba yana gaya wa Umma zai sayar da motar. Tayoyin baya sun cinye sumul, kuma abin da ake ba shi ba ya sayen ko guda. Ya ce abokansa casa'in suke ɗaukar lodi, shi sittin ake masa tayi, don an ga ya tsufa, motar ma ta tsufa. A bakinsu ba a faɗin dubu, sittin kawai ake cewa. Mai saye zai zo da yamma.

Ni kuwa a siton tayil na daɓen ɗaki nake aiki, ni nake buga takardar fitar kaya. Na san kamfaninmu ɗari da ashirin yake biya a kan hanyar da Baba yake bi. Rabi kenan yake zubewa kafin ya iso hannun mai tuƙi. Da aka tashi cin abincin rana ko jaka ban ɗauka ba, na nufi tasha.

Na same su a rumfar mai faci, su bakwai a kan benci da tsofaffin tayoyi. Dogo, aminin Baba, yana ba da labarin yadda ya ƙi tamanin makon jiya sai da aka cika masa casa'in da biyar. Birki, wanda ya sami sunan don ba ya taka shi, ya ce shi ƙasa da ɗari ko injin ba ya tayarwa. Baba yana gefe yana murmushin dole. Al'adarsu ce: direba ba ya faɗin ainihin kuɗin da ya ɗauki kaya. Sai ya ƙara, don kada a ce ya yi arha.

Na gaishe su, Dogo ya ce wai ga 'Yar Boko ta zo duba musu aikin gida. Na dube shi na ce, "Kawu, Baba sittin aka ba shi. Kai nawa aka ba ka, tsakaninka da Allah?"

Mai faci ya ajiye gudumarsa. Baba ya yi mini wani kallo da ban taɓa gani ba, ya ce in koma wurin aikina tun ban ji a jikina ba. Na tona masa asiri a gaban sa'o'insa, kuma na san abin da na yi. Ban motsa ba. Na faɗi ɗari da ashirin ɗin da nake bugawa da hannuna.

Dogo ya sosa ƙeya, ya kalli tayar motarsa da wayar ƙarfen cikinta ta leƙo, sannan ya fashe da dariya.

"Hamsin da biyar," ya ce. "Mai Waya Biyu ya ce mini ubanki ya yarda da haka, in ban karɓa ba shi zai tafi."

Mai Waya Biyu shi ne dillalin tashar. Daga nan baki ya buɗe. Birki mai ɗari ya ce sittin da biyu, aka yi masa ca, wani ya tambaye shi ko da turi yake tayar da injin. Wani ya ce kwana uku ya yi a layin lodi ba a ba shi ko kuɗin ruwa ba. Wani ya ce in ka kai kaya gari mai nisa, tsoron dawowa ba kaya yake sa ka karɓi kuɗin mai kawai, gobe kuma wannan ya zama farashin kowa. Kowanensu an taɓa ce masa ɗan'uwansa ya yi ƙasa da shi. Shekara da shekaru suna karya wa juna farashi, suna zaune a benci ɗaya suna yi wa juna ƙarya.

Ana cikin haka wayar Dogo ta yi ƙara. Ya buɗe lasifika ya aza ta a gwiwa. Mai Waya Biyu ne, yana da tayil da dole ya tashi yau, kuma wai tsohon nan ya riga ya amsa hamsin, amma shi Dogo yake so ya taimaka wa.

Baba ya sunkuya kan wayar ya ce, "Wane tsoho? Ga ni ina jin ka. Sannu da taimako."

Aka kashe wayar daga can. Dariyar da aka yi har masu wankin mota suka leƙo. Na ari allin mai faci na rubuta casa'in a bangon rumfar, babba yadda makaho zai shafa. Wayoyi suka shiga ƙara ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗaga ya karanta bango. Hankalina yana kan Malam Fansho, da ya zuba kuɗin sallamarsa a mota wata biyu da suka wuce, bai yi lodi ba kwana tara. Da tasa ta yi ƙara, ya daɗe yana kallonta. Baba ya dafa kafaɗarsa, ya ce in kayan suka fito shi zai fara ɗauka. Malam Fansho ya ɗaga ya ce casa'in.

Kafin la'asar Mai Waya Biyu ya zo da ƙafarsa, yana rantsuwa wai akwai wasu dillalai biyu a samansa. Lodi uku ya bayar a casa'in. Malam Fansho ya ɗauki na farko, Baba na biyu. Da mai sayen mota ya iso, ya tarar da mai faci yana auna tayoyin baya, Baba ya ce masa ya fasa. Ni dai bai yi mini magana ba sai bayan kwana biyu, da ya dawo ya ajiye mini kwalin alli a bakin ƙofa.

Bango ɗaya ne a tasha ɗaya, kuma ruwan sama yana wanke alli. Kai da kake karanta wannan, in kana da shago, ko sito, ko ka taɓa sa hannu a takardar kaya, gobe ka fita wurin direban da ya kawo maka, ka gaya masa nawa ka biya, ka tambaye shi nawa ya iso hannunsa. Ka yi a gaban abokansa, da ƙarfi.