Rage Ƙarfin Waifai a Ofishin Manoman Gyaɗa

Malam Na'Allah sakataren ƙungiyar manoman gyaɗa ne a Roni, kuma shi ne ya taɓa yin kwas ɗin kwamfuta na kwana uku a Dutse, don haka da aka kafa na'urar waifai a ofis, shi aka damƙa wa kalmar sirri. Ya riƙe ta kwana biyu. A rana ta uku surukinsa Alhaji Daudu ya aiko a tambaya, ta bakin Kaltume matar Na'Allah, kuma ba a taɓa jin wanda ya hana uban matarsa abu mai haruffa takwas ba.

Kafin mako ya zagayo, majalisar Alhaji Daudu ta tashi daga bakin kasuwa ta dawo gindin darbejiyar da ke gaban ofis. Dattawa goma sha ɗaya, kowa da wayarsa, wasu na kallon wa'azi, wasu na kallon dambe da murya ƙasa-ƙasa.

Ranar Alhamis ce za a rufe karɓar sunayen masu son irin gyaɗa, ƙarfe huɗu. In jerin Roni bai isa Dutse ba, babu iri bana. Tun hantsin ranar Na'Allah yake tura jerin, yana tafiya kaɗan yana tsayawa, don wayoyin dattawa sun cinye sabis.

"Oga, ka canja kalmar mana," in ji Juliana mai buga takardu.

"In canja, ya sake aikowa, in sake bayarwa?"

"To ka toshe wayoyinsu."

Ya buɗe shafin saitin na'urar, ya shiga can ciki inda a kwas aka ce kada su taɓa. Ga jerin wayoyi nan, ta Alhaji a sama. Ya kai yatsa, sai ya ji kamar tsohon na kallonsa. Ya janye.

A ƙasa ya ga wurin da ake rage ƙarfin sabis. Wannan ya yi masa. Ba ka hana kowa ba, ba ka toshe kowa ba, sabis ne kawai bai kai gindin bishiya ba, kuma wannan ikon Allah ne. Ya mayar da shi daga kashi ɗari zuwa ashirin da biyar, ya jingina da kujera kamar injiniya.

Bayan azahar ya ji ana jan tabarma. Dattawa sun ɗaga wayoyi sama suna bin sabis taki-taki, kamar masu neman rijiya. Suka tsaya a baranda. Ya rage zuwa goma.

Sai sallama a bakin ƙofa.

Na'Allah ya zame daga kujera ya durƙusa. "Barka da rana, Baba."

"Yawwa. Ku shigo, a nan ya fi kamawa," in ji Alhaji Daudu, yana magana da na bayansa. "Har da fanka."

Shekara ashirin da biyu da auren Kaltume, Na'Allah bai taɓa zama ɗaki ɗaya da ubanta ba. Ya sunkuya ya ɗauki kwamfutarsa da takalmansa ya fita. Ya zauna gindin darbejiya, inda ya tabbatar da hannunsa cewa babu sabis. Aikin ya yi kyau, ko ɗigo babu.

Uku da rabi ta wuce. Ya yafito Juliana ta taga, ya yi mata bayani da raɗa: shafi na uku, layi na biyu, ta mayar ɗari.

"Oga, kai da ofishinka?"

"Ki dai je."

Ta tsallake ƙafafun dattawa tana ba su haƙuri, ta danna. Sabis ya dawo gindin bishiya. Jerin ya motsa, sannan ya zura a guje, abin da bai yi ba tun safe. Huɗu saura minti shida Dutse ta amsa.

Juliana ta leƙo. "Fanka ta kwashe su. Tara sun yi barci, sun ajiye wayoyi."

Da aka kira la'asar Alhaji Daudu ya fito yana gyara hula. Ya tsaya nesa kaɗan, ya dubi bishiya maimakon surukinsa.

"A gaya wa masu ofishin nan na'urarsu ba ta da ƙarfi. Gobe a share mana ciki da wuri."

"To, Baba," in ji Na'Allah.

Washegari Na'Allah ya sa aka fito masa da teburinsa gindin darbejiya.