Haƙoran Sanura

Zuwena na cikin ɗaure allon zanen da igiya a bakin tafki, mahaifinta ya ce, "Dakata. Juyo min da shi."

Dattijon, wanda ake kira Mzee Kabuye, bai taɓa cewa a nuna masa zanenta ba, a wurinsa fenti na bangon shago ne. Shekara talatin ya yi a dajin arewacin Kigoma yana bin sawun sokwe, manyan biran nan marasa wutsiya, tare da Baturiyar da ta ƙarar da rayuwarta tana nazarinsu. Yau ake taron tunawa da marigayiyar a cibiyar bincike, kuma an gaya wa Zuwena ƙiri-ƙiri: in hoton ya iso kafin la'asar, ita za a ba aikin zanen cibiyar gaba ɗaya. In bai iso ba, sai ta koma shanyar kifi a kan rairayi, aikin da ta tsana kamar mutuwarta. Jirgin ruwa ɗaya ke zuwa can, ƙarfe sha biyu yake tashi.

Ta juyo da allon. Hoton Sanura ne, tsohuwar birinyar da marigayiyar ta fi ƙauna, baki har kunne, haƙora fes.

Tsohon ya matso. "Wa ya tsorata ta?"

"Murmushi take yi, Baba."

"Murmushin wa? Sokwe ba ya yage baki haka sai tsoro ya kama shi."

"Haka take a hoton da na samo a waya."

"Ina wurin ranar da aka ɗauke shi. Ɗanta wani ƙaton namiji ya fizge mata."

Wata biyu Zuwena ta yi tana goge haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya, tana ta jin kanta.

"Baƙin birni ba za su gane ba," in ji ta.

"Ba za su gane ba. Mu bakwai da muka rage cikin masu bin sawu, mu za mu gane."

Ƙarfe sha ɗaya da kwata ta yi. Ta kwance igiyar, ta zazzage jakar fenti a kan rairayi, ta shafe haƙoran da baƙi. Sai a lokacin ta tuna ba ta san yadda bakin sokwe yake ba in hankalinsa a kwance yake. Ita da ba ta taɓa taka dajin ba!

"Baba, don Allah, yaya take yi?"

Mzee Kabuye, wanda ko a biki ba a ganin dariyarsa, ya jawo jarka ya zauna. Ya cire hula, ya sauke kafaɗu, ya saki leɓen ƙasa ya yi reto irin na sokwe. Mata masu kifi suka kece da dariya.

"Mzee ya tuno 'yan uwa!" in ji wata. "A ba shi ayaba!"

Bai motsa ba. Zuwena ta hau aiki, amma ɗanyen fenti a kan ɗanyen fenti sai ya zama taɓo. Ta kankare, ta sake, ta kuma kankarewa. Zufa da hawaye suka cika mata ido, ta share da damtse.

"'Yar uwa!" mai jirgi ya ƙwala kira. "In gimbiyar taki mai tafiya ce, ta shigo. Ba zan ƙona mai don biri ba!"

"Minti goma, don girman Allah!"

"Ko liman ba na jira."

Ta ɗaga allon da hannu biyu ta nufi ruwa. Taku huɗu ta yi, ta dubi fuskar: rabin leɓe, rabin taɓo. Ta waiwayi mahaifinta, yana nan yadda ta bar shi, yawu na zuba a gemunsa, mata na ta shewa.

Ta dawo ta jingina allon.

Injin ya tashi. Jirgin ya ja baya, ya miƙe arewa, ƙararsa na raguwa har ta ɓace. Zuwena ta durƙushe a rairayi tana kuka kamar ranta zai fita.

Tsohon ya bari ta yi mai isarta. Sannan ya goge gemu, ya gyara zama a kan jarkar.

"Idanun ma ba haka suke ba," ya ce. "Tashi ki ɗauki buroshinki."