Sandar Hannun Hagu

Tun da ciwon nan ya shanye wa maigidanta hannun dama, bai sake leƙa ɗakin aikinsa ba. Haɗa sandar fatsa ce sana'arsa tun kafin ya aure ta: ya sayo ta tsura, ba zobe ba mariƙi, ya gyara ta har masunci ya riƙa nuna ta ga abokai. Ita kuwa nata aikin naɗi ne, ita ke ɗaure zobban da igiya ke bi ta ciki, shi ya sa ƙanensa ke ce mata Uwar Zare. Yanzu mutumin da ba ya mako bai je madatsar ruwa ba ya koma zaman bakin taga, abinci ma sai an yi da gaske. Likita ta ce ƙafa ta dawo, hagu kuma lafiyarsa ƙalau. Shi ya ce ba a kama tarwaɗa da hannu ɗaya, ya rufe maganar.

Ta saurare shi wata da watanni. Ran nan da hantsi ta ɗauki bokitin roba da ƙullin zare, ta nufi shagon ƙanen nasa, inda ake sayar da kayan kamun kifi. Shagon siriri ne, yana warin gam, sanduna tsura sun jingina da bango har rufi.

"Uwar Zare, wanki kika zo yi mana?"

"In wanki ne ai da kai zan fara, Auta. Zubo min ruwa, rabi. Sandar tarwaɗa nake so."

Ya zaro wata mai kauri ya miƙa mata. "Ga irin wadda Yaya ke ɗauka. Tarwaɗa ba a lallaɓa ta. Sai mai tauri, a fizgo ta kafin ta shige cikin itace."

"Wa ya ce?"

"Kowa ya sani."

"Kowan nan hannu biyu gare shi."

Ta naɗe igiya a tsinin sandar, ta ɗaure bokitin a ƙarshenta. Sai ta mayar da hannun dama baya, ta tokare gindin sandar a ƙugu, ta ɗaga da hagu kawai. Sandar ko gezau, nauyin duka ya gangaro ya sauka a wuyan hannunta, har ta ji shi a haƙora. Dama abin da take zato ke nan. Shekara da shekaru tana ganin maza suna dawowa daga ruwa suna murza kafaɗa, suna yabon sanda.

Ta gwada wata siririya. Wannan ta lanƙwashe har wurin riƙo, bokitin bai bar ƙasa ba.

"Ta yi miki," in ji Auta. "Ba ta gajiyar da kowa, har kifin."

Ta yi ta zarowa tana mayarwa, hannun hagu yana gajiya, tana hutar da shi tana sakewa, har ta kai ga wata gajera ta faiba, irin robar nan mai ƙarfi, da ƙura ta rufe a kusurwa. Kan sandar ya sunkuya da sauƙi, ta tanƙwara zuwa tsakiya, daga nan ta cije. Bokitin ya tashi.

"Fizgi bokitin ƙasa, yadda tarwaɗa ke yi."

Ya fizga, ruwa ya wanke masa wando. Sandar ta duƙa ta shanye fizgar, ta dawo, hannunta bai goce ba.

"Yaya zai yi miki dariya," ya ce, yana matse ƙafar wando.

"Ya yi mana. Ka san rabona da in ji ta?"

Da ta isa gida ba ta kai masa ba. Ta buɗe ƙofar ɗakin aiki wangale, yadda daga kujerarsa zai hango teburin, ta share ƙura, ta jera zobba.

"Wannan fa? Ta korar kaji ce?" in ji maigidan.

"Ta tarwaɗa ce."

"Auta ya cuce ki."

"Ni na zaɓa."

Kowace sanda tsura tana da gefen da take son lanƙwasawa, shi maigidan ke kira bayanta. A kan layinsa ake jera zobba. In aka kuskure, kifi na ja sandar za ta riƙa murɗewa a hannu, in kuma gam ya bushe a kan zare, an gama. Ta sha ganin yana neman bayan nan: gindi a ƙasa, kai a tafin hannu, a danna tsakiya a mirgina a hankali har sandar ta yi ɗan tsalle. Gani dai ta yi, ba ta taɓa yi ba. Ta mirgina, ta sake, ta ji wani abu kamar shi, ta sa alli.

"Ba nan ba ne."

"Daga can kake ji?"

"Kin danne ta da yawa."

"To ni nan na ji, nan zan ɗaura."

Ba barazana take ba. Ta ɗora zobe na fari a kan allin, ta kama bakin zare da babban yatsa, ta fara naɗi, zagaye bayan zagaye, ba ta waiwaya ba. Ta miƙa hannu ta jawo kwalbar gam.

Kujera ta yi ƙara. Ta ji takunsa, ƙafa ɗaya tana ɗan ja, har ya tsaya a kanta.

"Kwance wannan abin. Tallafe min kan."

Ta tallafa. Ya ɗora tafin hagu a tsakiya, ya mirgina sannu, ido a rufe. Sandar ta yi tsallenta can nesa da allinta. Ya goge nata da yatsa, ya sa nasa. Sannan idonsa ya faɗa kan bokitin.

"Ɗaura min shi in gani."

Ta zubo ruwa ta ɗaura. Ya tokare sandar a ƙugu ya ɗaga. Ta fizgi bokitin ba tare da ta gaya masa ba, sandar ta duƙa ta dawo, tana nan a hannunsa.

"Ta yi laushi," ya ce. Bai ajiye ta ba. "Mariƙin sai ya fi na da tsawo, yadda zan maƙale shi a hammata. Ina kika kai min abin awo?"