Ranar Durƙusa wa Malamai

U Thaung Sein bai wuce aji huɗu ba, amma shekara ashirin yana dafa wa Turawa abinci a jirgin ruwa ta bar masa Turanci a baki. Da ya sauka sai ya kafa rumfar tsofaffin littattafai a ƙofar wata kwaleji a birnin Mawlamyine. Ɗaliban adabi kan kawo masa kalmomin da suka gagare su, waɗanda malamai suka ce a haddace kawai.

"Kawu, mene ne melancholy? Ƙamus ya ce baƙin ciki."

"Ƙamus bai taɓa shiga jirgi ba, 'yata. Wata huɗu kina teku, ba wanda ya mutu, ba wanda ya zage ki, amma shinkafa ta ƙi wuce maƙogwaro. To shi ne."

Haka ya raini Khin Yadana tun tana ɗaliba, yau ga ta shugabar sashen adabi. Shi dai burinsa ɗaya: ranar girmama malamai, sa'ad da ɗalibai ke kai goshi ƙasa, a zaunar da shi a kan dandamali, ko a ƙarshen layi ne.

Bana ta zo rumfar da kanta. "Kawu, ranar Asabar ce. Ba za a yi ba sai da kai."

Ya aro zanen siliki, irin wanda mazan garin ke ɗaurawa ranar biki, wurin surukinsa. Matarsa ta ƙare masa kallo. "Tsoho, aure za ka ƙara?"

"Ke dai goge min rigar."

Ya tuɓe takalmi a ƙofar zauren, ya nufi dandamali, sai Khin Yadana ta riƙo gwiwar hannunsa.

"Ta nan, Kawu. Mai girki ya yi mana tsiya, ga mutum ɗari uku. Na ce ai muna da gwani." Ta dubi zanen. "Ayya, wannan fa zai sha mai."

Ya dafa musu, bai ƙona ko loma ba. Daga gindin murhu ya ji ana kiran sunayen malamai ɗaya bayan ɗaya, har da wani ɗan saurayi da ya fara aiki bara.

Ran Litinin wata ɗaliba ta ajiye masa takarda, kalmomi goma sha biyu.

"Kai wa waɗanda kika durƙusa wa."

"Sun ce mu haddace, Kawu."

"To haddace."

Ta yi tsaye tana jira. Kalma ta uku a jerin ya san ta sarai, har bayaninta ya zo masa baki. Ya haɗiye, ya ƙara wa rediyo murya.