Rigar da Ban Wanke Ba

Ran Lahadi aka harbe maigidana, baban ɗiyata Ummu, a shingen da Turawa suka sa a hanyar Ƙonni. Jakuna uku ya koro da kanwa. Wani ɗan sanda mai suna Dabo ya tsai da shi zai binciki kaya, jaki ɗaya ya firgita ya zura daji, baban Ummu ya juya ya bi shi. Iyakar abin ke nan. Kafin la'asar an rufe shi.

Dabo kuwa cewa ya yi wuƙa aka zare aka yo kansa. Masu tallar fura da suka ga komai suka yi gum, don kullum ta gaban bindigarsa suke wucewa.

A al'ada, rigar mamaci wanke ta ake yi a ba wanda ya yi masa wanka. Ni na ɗauke ta da jininta, na naɗe, na tura ƙarƙashin tulu.

Kwana uku bayan haka Baturen rangadi ya sauka bariki. Na goya Ummu na ɗauki rigar. Yaya Mukhtari, wan mijina, ya tare ƙofa.

"Zuwaira, takaba kike. Ina za ki? An riga an yi, sai haƙuri."

"Yaya, haƙurin mutuwa na yi shi. Na ƙarya ne ban iyawa. Ɗiyag ga ba ta girma ana ce mata ubanta ɗan fashi ne."

"In sunka kama ki fa?"

"Sai ka kawo muna tuwo."

Malam Maccido da ke zaune wurin ta'aziyya ya ce lalura ta halatta mini fita da rana. Yaya ya kauce, sannan ya biyo ni yana gunaguni.

A bariki na shimfiɗa rigar a ƙasa gaban Bature. Dabo na tsaye da bindiga a kafaɗa, kusa da sajensu.

"Tafinta, gaya mishi," na ce. "Mutum ya taho maka da wuƙa, ta ina za ka harbe shi?"

Tafinta ya faɗa, ya juyo da amsa: ta gaba mana.

Bature ya ɗaga rigar yana jujjuyawa. Na lura bai san gabanta daga bayanta ba. Dabo ma ya lura, ya yi wuf ya nuna gefen da hudar harsashi take, ya ce, "Zaki, nan ne ƙirji."

"Ƙirjin wa?" na ce. "Ga aljihu nan ɗaya gefen, har da ɓarin goronsa a ciki. Garinku a baya kuke sa aljihu? Sa ta mu gani."

Bature ya yi nuni. Aka zura wa Dabo rigar bisa kayan sarkinsa, aljihu a gaba. Hudar ta zauna daidai tsakanin kafaɗunsa. Masu furar nan sun taru a bakin danga, sai wata tsohuwa cikinsu, Inna Baraka, ta ɗaga murya: "Jakinai ya bi! Gabanmu anka yi!"

Saje ya yi magana ƙasa-ƙasa da Bature. Tafinta ya ce mini za a mayar da Dabo wani shingen, in tashi in tafi gida.

"Wani shingen babu masu jakuna? Babu masu ɗiya?"

Na zauna a ƙasa, na kwance goyo, na ba Ummu nono. Masu fura suka sauke ƙorensu suka zauna kusa da ni. Rana ta take. Bature ya goge wuya, ya dube mu, ya dubi Dabo da har yanzu rigar ke jikinsa.

Da bakinsa ya ba da umarni. Saje ya karɓi bindigar, ya kwance ɗamarar harsashi. Tafinta ya ce gobe za a tasa Dabo zuwa Sakkwato gaban shari'a, kuma Inna Baraka za a rubuta maganarta yanzu.

"A rubuta ina zaune," na ce. "A karanta mini da Hausa in ji, kana in tashi."