Kwana Ɗari da Casa'in da Tara

A bakin ƙofar sito akwai allon da ake rubuta kwanakin da aka yi ba wanda ya ji rauni. Ranar Talatar nan an kai ɗari da casa'in da tara, kuma manaja ya yi alkawarin in aka cika ɗari biyu kowa zai sha hutun kwana biyu. To, ranar ce fa Baban Biyu, mai ɗaukar kaya, ya taho da kwalin sabulu da ya tare masa gani, ya yi tuntuɓe da wani guntun ƙarfe da ya leƙo daga siminti, ya zube ƙasa tim.

Kafin wani ya waiwayo har ya miƙe yana kaɗe wando. Shi zai ja wa mutum arba'in asarar hutu? Ina. Ya cije, ya ƙarasa yinin yana jan ƙafa.

Washegari ƙafar ta kumbura suntum, takalmi ya ƙi shiga. Matarsa ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu.

"Wai allon ne zai ciyar maka da 'yan biyun, ko ƙafar?"

"Ke ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Bakin mutane kake tsoro."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi masa zafi.

Ya isa sito da silifas, daidai lokacin da manaja ya ɗauki alli zai rubuta ɗari biyu, ma'aikata sun taru ana ta washe baki. Baban Biyu ya ce, "Yallaɓai, kada ka rubuta. Jiya na faɗi."

Kunya ta rufe shi, ya kasa ɗago kai, yana jiran tsaki.

Sai Gwaggo mai shara ta jingine tsintsiya, ta naɗe hannun riga, ta nuna tabo a gwiwar hannu. "Ƙarfen layi na uku ko? Ga nawa, wata biyu ke nan."

Direba ya sosa ƙeya, ya ce haƙorin da ya ce ƙashi ne ya karya masa, to ba ƙashi ba ne. Aka fashe da dariya. Kafin ta lafa, wasu biyu sun ɗaga ƙafar wando.

Manaja ya goge allon da tafin hannu, ya ce a kira mai walda yanzu-yanzu.

Ana tallafe da Baban Biyu zuwa mota ya fara ba da haƙuri kan hutun. Gwaggo ta katse shi.

"Ɗana, mu biyar muka faɗi a wurin nan, kai kaɗai ka buɗe baki. Je ka a ɗaure ƙafar."