Sharaɗin da Yaya Ta Rubuta

Tun muna yara gwamnati ta hana shigo da fanka daga waje, wai don masana'antar fanka ta garinmu ta samu ta tsaya da ƙafarta. A can Baba yake naɗin koyil, wato wayar da ake naɗawa a cikin injin fanka. Da farko abin ya yi kyau. Amma da mai kamfanin ya ga ba shi da abokin gasa, sai ya miƙe ƙafa, ya koma sayen waya ta banza. Fankarsu takan yi wata biyu tana kukan tsohuwar akuya, sannan ta ƙone. Maƙwabta har tsokanar Baba suke yi: "Malam, taka ta sake mutuwa, a zo jana'iza."

Yayata tana aiki a ma'aikatar masana'antu ta gwamnati, ita aka sa ta duba lamarin. Idan aka buɗe kasuwa, kamfanin zai rushe, har da aikin Baba. Idan aka bar haramcin, talaka zai ci gaba da sayen rubabben kaya. Ta rame a kan wannan aiki, na tausaya mata ƙwarai. Daga ƙarshe ta samo tsakiya: haramcin zai ci gaba, amma da sharaɗin a gyara ingancin kaya, in ba haka ba a janye shi. Ranar da aka amince ta dawo gida da murna.

Mai kamfanin kuwa ba ya rasa dabara. Ya ce laifin tsofaffin hannu ne, ya sayo injin naɗi, ya sallami duk masu naɗin koyil.

Baba ya shigo da hantsi, rigar aikinsa a naɗe a hammata. Da Yaya ta ji, sai ta ɗauki mayafinta.

"Baba, wurinsa zan je. Wallahi ko durƙusawa ne zan yi, sai ya mayar da kai."

"Zauna," in ji Baba. "In kika roƙe shi yau, gobe da wane ido za ki duba kayansa? Aikinki daidai ne."

Ta zauna tana kuka. Shi kuma ya tsaya a tsakar gida yana waige-waige, kamar baƙo. Can ya dube ni.

"Auta, wai mutumin da ba ya zuwa aiki, a ina yake zama da safe?"